Ƙauyen Blaxhall na Ingila: abin da tsofaffi suka tuna

Ƴan uwa manoma da makiyaya, in aka ambaci Ingila, abin da kan zo wa mutum a rai shi ne birnin Landan, da jiragen ƙasa, da manyan masana'antu. To, amma Ingila ma tana da ƙauyuka. Tana da gonaki da garken tumaki. Ta yi tsofaffi waɗanda suka ƙare rayuwarsu a bayan garma. Yau ga labarin ƙauye guda daga cikinsu, da na wani baƙo da ya zauna cikinsa shekara 8 yana sauraron tsofaffi.

Sunan ƙauyen Blaxhall. Yana gabashin Ingila, cikin jihar Suffolk, ba nisa da bakin teku. Ƙasar wurin jigawa ce. Rairayi ya yi mata yawa, ba ta riƙe ruwa. Mutanen ƙauyen ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba. Gidajensu a warwatse suke, nan biyu, can uku.

Littafin sarki

Blaxhall tsohon gari ne. A shekara ta 1066 Sarki William ya ci Ingila da yaƙi. A 1086 ya aiki malamansa su zagaya ƙasa. Kowane ƙauye suka shiga sai su rubuta: filin nan na wane ne, garma nawa ke aiki cikinsa, magidanta nawa ne. A Suffolk har tumaki da awaki da aladu sai da suka ƙidaya. Sarki yana so ya san dukiyar ƙasa don haraji. Sunan Blaxhall yana cikin wannan littafi, kuma littafin yana nan ajiye a Landan.

Bayan nan ma an yi ta rubutu. Tun daga 1538 aka umurci limaman coci su riƙa rubuta jariran da aka kawo musu, da aure, da mutuwa. Masu filaye kuma suna rubuta kuɗin haya. Takardun nan duk na manya ne. Talaka mai yankan alkama, sunansa kan shiga takarda sau 3: ranar da aka kai shi coci yana jinjiri, ranar aurensa, da ranar da aka rufe shi. Abin da ya sani da wuyar da ya sha, babu mai rubutawa.

Baƙo mai nauyin kunne

A 1948 wata mata ta samu aikin shugabar lakwal ɗin Blaxhall. Ta zo da mijinta da ƴaƴansu. Sunan mijin George Ewart Evans. An haife shi a 1909 a Abercynon, garin masu haƙar gawayi na ƙasar Wales, can yammacin Ingila. Shi ma da mushe ne. Ya yi aikin soja a yaƙin duniya na 2. Amma kunnensa ya yi nauyi, har koyarwa ta gagare shi. Sai ya zama matar ce ke fita aiki, shi yana gida yana kula da yara, yana rubuce-rubucen da ba su kawo kuɗin kirki.

A lokacin ƙauyukan Ingila da yawa ba su da lantarki, ba su da famfo. Ruwa sai an je rijiya. Maƙwabtan Evans tsofaffi ne, galibinsu haihuwar wajen 1870 zuwa 1890. Ɗaya makiyayin tumaki ne da ya ajiye sanda. Evans ya riƙa shiga wurinsa da wurin matarsa suna hira.

Abin da ya fara jan hankalinsa shi ne bakinsu. Suna faɗin kalmomin da ƴan birni ke yi wa dariya, suna cewa Turancin ƙauye ne. Shi kuwa ya yi karatu mai zurfi. Ya gane kalmomin nan ya taɓa ganinsu cikin littattafan da aka rubuta shekara 400 ko 500 da suka wuce. Ashe ƴan birni ne suka manta, mutanen ƙauye suka riƙe. Daga nan ya ɗauki takarda da fensir. Duk abin da aka faɗa masa sai ya rubuta.

Makiyayi

Tsohon makiyayin ya fara aiki tun yana yaro, a gidan wani manomi. Shi ke yi wa uwargida aike-aike a bayan gida. Daga baya ya kama kiwo.

Ku lura da tsarin wurin. Fili na wani attajiri ne. Manomi haya yake yi. Makiyayi da mai huɗa da mai yanka kuwa ƴan ƙwadago ne, ana biyansu sati-sati. Tumakin da makiyayi ke bi ba nasa ba ne. Amma shi ya san su ɗaya-ɗaya.

Ƙasar jigawa ba ta ba da alkama sai da taki. Takin kuwa tumaki ne. Makiyayi yana da shinge na itace, guntu-guntu, wanda ake ɗauka a kafa. Yakan kewaye wani yanki na gona, ya zuba tumaki ciki. Su ci ganye, su zuba kashi, su tattake rairayi da kofato har ya kama jiki. Kashegari ya tuge shingen ya matsa gaba. Haka har gona ta ƙare. Kun san irin wannan, don haka manomi ke yi da mai shanu bayan kaka. Turawa suna yi wa tunkiya kirari da mai kofaton zinariya saboda wannan aiki.

Haihuwar tumaki tana zuwa ne a ƙarshen sanyi, lokacin da ruwa ke daskarewa. Makiyayi ba ya kwana gida. Yana da ɗan ɗaki na katako mai ƙafafun ƙarfe, doki ke jansa zuwa inda garke yake. Ciki akwai murhu. Ɗan tunkiyar da sanyi ya kama, nan ake ɗumama shi. In tunkiya ta rasa ɗanta, wata kuma ta mutu ta bar maraya, makiyayi yakan feɗe fatar mataccen ya sa wa marayan kamar riga. Uwar ta shinshina ta ji ƙanshin ɗanta, sai ta bar shi ya sha. Bayan ƴan kwanaki a cire fatar.

Tumakinsu masu gashi ne mai yawa, da shi ake yin ulu. Farkon zafi ake yi musu aski. Mutanen Blaxhall suna da ƙungiyar masu aski da shugabanta. Suna bin gonaki ɗaya bayan ɗaya da almakashin hannu. Gwani shi ne mai cire gashin tunkiya gaba ɗaya kamar bargo, bai yanke ta ba.

Makiyayi ba shi da Lahadi. Ran da kowa ke coci, shi yana daji. Shi ya sa a wasu yankunan Ingila, in makiyayi ya mutu, akan sa masa ɗan curin ulu cikin akwatin gawa. Wai don ranar hisabi a gane sana'arsa, a yi masa uzuri.

Yara da duwatsu

Da tsofaffin suka tuna ƙuruciyarsu, aiki suka fi tunawa. Yaro ƙarami akan tura shi gona tun asuba bayan shuka. Yana riƙe da katako mai ƙara, yana ihu, yana korar tsuntsaye irin hankaki. Shi kaɗai yake wuni, cikin iska da sanyi.

Akwai kuma tsintar duwatsu. Gonakin Suffolk cike suke da ƙanƙara, wato dutsen ƙyastu. Mata da yara ke bi suna tsinta, suna tarawa a bakin gona. Ana biyansu gwargwadon abin da suka tara. Da duwatsun ake gyaran hanya. Kuɗin kaɗan ne, amma da su uwa kan saya wa yara takalma.

A 1880 doka ta tilasta sa yara lakwal daga shekara 5 zuwa 10. A 1918 aka kai shi shekara 14. Amma doka daban, ciki daban. Kowane shugaban lakwal yana da littafin da yake rubuta abin da ya faru. Cikin irin waɗannan littattafai an sha rubuta cewa yau aji babu kowa, yara sun tafi tsintar duwatsu, ko sun tafi girbi. Evans ya duba irinsu, ya ga sun yi daidai da abin da tsofaffi suka faɗa.

Kowace shekara a tsince duwatsu, baɗi garma ta tono wasu. Don haka tsofaffi da yawa suka yarda cewa dutse girma yake yi cikin ƙasa, har yana haihuwa. Shaidarsu kuwa tana nan cikin ƙauyen. A farfajiyar wani gidan gona akwai wani ƙaton dutse mai nauyin kamar ton 5. Labarin gari ya ce wani mai huɗa ne ya tono shi, lokacin bai fi dunƙulen hannu biyu ba. Ya jefar da shi can, shi ne ya yi ta girma. Masana ƙasa sun ce a'a. A zamanin da can, ƙanƙarar sanyi mai kauri ta taɓa rufe ƙasar. Ita ta turo dutsen daga arewa, ta narke ta bar shi nan. Evans bai yi wa tsofaffin dariya ba. Ya rubuta maganarsu yadda suka faɗe ta, don ita ma tana nuna yadda suka ɗauki ƙasa: abu mai rai.

Sarkin girbi da masu kala

Girbin alkama da sha'ir a watan Agusta ake yinsa. Kafin zuwan inji, da dogon lauje ake yanka, irin wanda ake riƙewa da hannu biyu a tsaye. Ƴan ƙwadago sukan zaɓi ɗaya daga cikinsu ya zama sarkin girbi. Shi ke zuwa wurin manomi a yi ciniki: kuɗi kaza ga kowane mutum, har a kai dami na ƙarshe gida. In sama ta yi kyau aka gama da wuri, ribarsu ce. In ruwa ya ja aikin, hasararsu ce.

A gona sarkin girbi ke gaba. Sauran suna biye a jere, laujensu na tafiya tare. Shi ke cewa a tsaya a wasa lauje, shi ke cewa a ci abinci. Mai bi masa namiji ne, amma sunan muƙaminsa uwargida. In baƙo ya ratsa gonar, sai ya ba da tukuici. Ana tara tukuicin don shagalin ƙarshen girbi. Kuɗin girbi su ne babban samun shekara. Da su ake biyan hayar gida da bashin mai kanti.

In an kwashe dammuna, sai kala. Aikin mata da yara ne. Manomi yakan bar dami ɗaya a tsaye tsakiyar gona. Sunan wannan dami ɗan sanda. Muddin yana tsaye, ba mai shiga. Ran da aka ɗauke shi, gona ta buɗe. A ƙauyuka da yawa kuma ana kaɗa ƙararrawar coci da safe da maraice. Ba mai fara kala kafin ta safe, ba mai ci gaba bayan ta maraice. An yi haka ne don mai goyo da tsohuwa su samu rabonsu, kada mai ƙarfi ta riga su ta kwashe. Alkamar kala ake kaiwa wurin niƙa. Gidan da ke da yara masu himma kan samu garin burodin da zai kai su cikin sanyi.

Kala ma sai da aka kai ta gaban alƙali. A wani ƙauyen Suffolk mai suna Timworth, wani manomi, James Steel, ya yi ƙarar wata mata, Mary Houghton, don ta shiga gonarsa kala. A 1788 babban gidan shari'a na Landan ya yanke cewa talaka ba shi da haƙƙin kala sai da iznin mai gona. Duk da haka al'ada ta fi ƙarfin takarda. An ci gaba da kala fiye da shekara 100 bayan wannan hukunci, sai da inji ya zo ya kashe ta.

Masu huɗa da dawaki

A da, a Suffolk da dawaki ake huɗa. Suna da irin nasu, jajaye, gajerun ƙafafu, faɗin ƙirji. Babba kan kai kilo 900 ko ya fi. An rubuta asalinsu, duka suna komawa ga wani doki da aka haifa a 1768 a ƙauyen Ufford, kusa da Blaxhall.

Mai huɗa kan tashi wajen ƙarfe 4 na asuba. Ya ba dawaki abinci, ya goge su. Wajen 6 da rabi a fita. Ana huɗa har wajen 2 da rabi na rana. Dawaki 2 da mutum 1 kan huɗe abin da bai kai rabin hekta ba a wuni. Kafin a gama wannan, mutumin ya taka kusan kilomita 17 a bayan garma. In sun dawo kuma sai ya sake ciyar da su, ya tsefe su, kafin ya kula da kansa.

Girman mai huɗa yana ga layinsa. Ran Lahadi masu huɗa kan zaga gonaki suna duba aikin juna. Wanda layinsa ya karkace, garin duka sai ya ji. Gonar ba tasa ba ce, alkamar ba tasa ba ce. Layin nan shi ne nasa.

Suna kuma da asiri. Akwai waɗanda aka ce suna iya tsayar da doki cik, ko an doke shi ba ya motsi sai sun sake shi. Suna iya kiran doki mai faɗa ya biyo su kamar ɗan akuya. Ana cewa ƙashin kwaɗo gare su. Ga yadda labarin yake: a kashe kwaɗo, a busar da shi a kan ƙaya, a binne shi cikin gidan tururuwa har su cinye naman. Daren da wata ya cika a kai ƙasusuwan rafi a zuba. Wai ƙashi ɗaya zai rabu da sauran ya haura ruwa, ya nufi inda ruwan ke fitowa. Shi ake ɗauka.

Masu wannan sani ba su faɗa wa kowa, ko matansu, don shi ne jarinsu. Sai da dawaki suka ƙare, asirin ya rasa amfani, sannan wasu suka buɗe wa Evans baki. Da ya tara maganganunsu, sai ya ga yawancin abin yana ga hancin doki. Doki yana da jin wari ƙwarai. Akwai haɗin abubuwa masu ɗoyi da mutum ba ya ji sosai. In an shafa a ƙofar barga ko a gaban doki, ba zai ƙetare ba. Akwai kuma mayuka masu ƙanshi da yake so, irin na kirfa da wasu tsirrai. Mai huɗa kan shafa a jikinsa, ko ya sa cikin ɗan abincin da yake ɓoyewa a aljihu. Evans ya rubuta wannan cikin littafinsa na dawaki, wanda ya fito a 1960.

Ɗaya gefen labarin

Kada mai karatu ya ce zamanin nan daɗi ne zalla. Tsofaffin da kansu ba su ce haka ba. Sun yi alfahari da gwanintarsu, sun kuma tuna yunwa.

Albashin ɗan ƙwadagon gona a ƙarshen shekarun 1800 bai wuce sule 10 zuwa 13 a sati ba. Ran da ruwan sama ya hana aiki, a wurare da yawa babu biya. Gidan da yake ciki sau da yawa na mai gona ne. In aka kore shi daga aiki, an kore shi daga gida ke nan. Don haka mutum ke haɗiye magana.

Sun taɓa gwada haɗa kai. A 1872 wani ɗan ƙwadago mai suna Joseph Arch ya kafa ƙungiyar ma'aikatan gona. A 1874 mutanen Exning, cikin Suffolk, suka nemi a ƙara musu sule 1, daga 13 zuwa 14. Manoma suka haɗa baki suka sallami duk ɗan ƙungiya. Dubban mutane suka zauna ba aiki wata da watanni. Ƙarshe kuɗin ƙungiya suka ƙare, aka koma aiki ba ƙari. Wasu suka bar ƙasar, suka tafi Kanada da Ostareliya.

Abin da tsoho ya fi tsoro shi ne gidan gajiyayyu. Bayan dokar 1834 an gina irinsu ko'ina cikin ƙasar. Na yankin Blaxhall a garin Wickham Market aka gina shi. Wanda ƙarfinsa ya ƙare, ba shi da mai riƙe shi, can ake kai shi. A ƙofa ake raba miji da mata, kowa da ɓangarensa. Sai a watan Janairu na 1909 gwamnati ta fara ba tsofaffi masu shekara 70 kuɗin tsufa, sule 5 a sati. Tsohuwar dokar gajiyayyu kuwa ba a soke ta sarai ba sai 1948, shekarar da Evans ya sauka Blaxhall.

Mata ma suna da nasu labari. Wata ƴar ƙauye ta rubuta shi da hannunta, daga wani yanki na tsakiyar Ingila. Sunanta Flora Thompson. An haife ta a 1876 a wata ƴar tunga mai suna Juniper Hill, cikin jihar Oxford. Karatunta bai wuce lakwal ɗin ƙauye ba. Tana shekara 14 ta kama aiki a gidan waya. Sai da ta haura shekara 60 littafinta na tunawa da tungarsu ya fito, a 1939. Ta nuna yadda uwa ke juya sule 10 ta ciyar da gida. Ta nuna yadda ake tura yarinya mai shekara 12 ko 13 aikatau gidan masu kuɗi, don a rage baki a samu wurin kwana. A tungarsu da wuya ka ga budurwa, duk suna gidajen mutane.

Zuwan tarakta

A 1939 dawakan gona na ƙasar sun ninka taraktoci wajen sau 10. Yaƙin duniya na 2 ya sa gwamnati ta matsa a noma abinci da yawa, da sauri. Bayan yaƙi, daga 1946 zuwa 1956, wata masana'anta a birnin Coventry ta ƙera ƙaramar tarakta mai suna Ferguson har fiye da 500,000. Kafin 1960 doki ya kusa ɓacewa daga gona. An sayar da dubbai ga mahauta. A 1966 ƴan dukushi 9 kacal aka rubuta cikin littafin jajayen dawakan Suffolk. Masu son irin ne suka tsaya suka hana shi ƙarewa.

Inji ya ɗauke wuya mai yawa. Yaro ya daina wuni cikin sanyi yana korar tsuntsaye. Mace ta daina duƙawa tana tsintar zangarniya. Takin zamani ya karɓi aikin tumaki. Amma gonar da ke ɗaukar mutum 10 ko 20, sai ta koma ta mutum 1 ko 2. Samari suka nufi birni. A 1851 wajen mutum 1 cikin 5 na ma'aikatan ƙasar a gona yake. Yau abin bai fi 1 cikin 100 ba. Lakwal ɗin Blaxhall, inda matar Evans ta koyar, daga baya an rufe ta, ginin ya zama masaukin matafiya.

Sanin da uba ke ba ɗa tun kaka da kakanni, a nan ya tsaya. Ɗan mai huɗa direban tarakta ne, me zai yi da maganin doki? Ɗan makiyayi yana masana'anta. Ba wanda ya hana tsofaffi magana. Mai tambaya ne babu. Abin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana tarawa, cikin shekara 20 ya rasa magaji.

Abin da ya saura

Littafin Evans na farko a kan Blaxhall ya fito a 1956. Ma'anar sunansa ita ce, a tambayi waɗanda suka yanki ciyawar. Hausawa ma sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wannan shekara gidan rediyon BBC ya ba shi aron na'urar ɗaukar murya. Ya ci gaba da bin ƙauyuka har 1977. Ya ɗauki muryar mutum wajen 170. Cikinsu akwai masu huɗa, maƙera, makiyaya, masunta da matan gida. A shekarun 1950 kuma masu tattara waƙoƙin gargajiya sun zo gidan giyar Blaxhall, inda maza ke taruwa da dare, sun ɗauki waƙoƙi da rawar ƙauyen.

Evans ya rasu a 1988. Tsofaffin da ya saurara duk sun riga shi ko sun bi shi. Muryoyinsu suna ajiye a babban ɗakin littattafai na ƙasa a Landan. Jikan mai huɗa, wanda bai taɓa riƙe linzami ba, yana iya jin kakansa da bakinsa yana bayanin yadda ake fitar da layin farko a gona.

Dabarar Evans ba ta da wuya. Bai cika tambayar tsoho tarihin sarakuna ba, don tsohon zai ce shi bai yi karatu ba. Aikinsa yake tambayarsa. Ƙarfe nawa kake tashi? Mene ne sunan wannan ƙarfen na jikin garma? Wa ya koya maka? Nawa aka biya ka? Mutum ba ya manta aikin da ya yi shekara 50 yana yi. In ya fara bayanin aikin, sauran labarin kan biyo baya: abinci, aure, bashi, tsoro da waƙa. Evans kuma ba ya gyara musu magana, ba ya katse su. Ga shi da nauyin kunne, dole ya matso kusa ya natsu.

Littafin Sarki William ya ƙidaya garmunan Suffolk da tumakinta a 1086. Sai bayan shekara fiye da 860 aka samu wanda ya shiga ɗakin makiyayin Blaxhall ya zauna, ya tambaye shi yadda ake kiwonsu.